La'adar Barau Dillali

Shekara talatin da huɗu ina dillanci,
Daga Daura nake bin motar asuba,
Lahadi ba ta taɓa riska ta a gida ba,
Mai'aduwa ta san sawuna a kasuwa.

Ni ne Barau na Tsoho Maiturke,
In na ɗaga leɓen sa na dubi haƙori,
Na faɗi shekarunsa, magana ta ƙare,
Ba mai cewa in ƙara da rantsuwa.

Da can ciniki sai an zauna,
A tambayi gida, a tambayi damina,
A taya, a ce albarka, ka miƙe,
Ka yi taku uku, a ce maka dawo,
Rabin cinikin yana cikin gaisuwa.

Kuɗi a lalita, ɗaure a ƙugu,
Mu laɓe a bayan rumfar mai fura,
Mu taɓa yawu da yatsa mu ƙirga,
La'adata a ciki, ba ta salwancewa.

Sai ga Lawandi, ɗan ƙanwata,
Wanda na koya wa riƙon igiya,
Ya kewaya bijimi da waya a hannu,
Tozo, ƙaho, kofato, wutsiya,
Ya aika wa wani can bakin teku,
Wanda ko a mafarki ba su yi gamuwa.

Ban gama ɗaure akuya ba ya ce,
“Kawu, an sallama.” Na ce, “Da wa?”
Ba tafa hannu, ba shaidu biyu,
Kuɗin bijimi suka shigo da tsuwa.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
Na tuna daren da aka tare mu a hanya,
Aka yanke lalita, aka bar ni da wando,
Wata uku ina biyan kuɗin mutane.
Yau aljihu fayau nake komawa,
Barcina a mota har da nutsuwa.

Amma ran da sabis ya yi yaji,
Ko waya ta kamo na Nijar ta riƙe,
Ka ga manyan 'yan kasuwa a tsaye,
Hannu a sama kamar roƙon ruwa,
Mai shayi ya hana kofi sai ya ga alat,
Raƙumi na kallonsu, bai san damuwa.

Ana sauran kwana tara Layya,
Lawandi ya zo mini ido ya yi ja.
Raguna shida na wani Bammi,
An nuna masa saƙo, ya saki igiya,
Banki ya ce bai ga ko sisi ba,
Lambar kuma ta daina shiga.
Yaro ya tsuguna, ya kasa tsayuwa.

Na ce, “Yaya tsagen fuskarsa?
Wa ya rako shi? Ina ya sha ruwa?
Wace mota ta ɗauki ragunan?”
Yaron motar jikan Tabawa ne,
Kwana biyu muka kwankwasa ƙofa a Zango,
Tsohon ɓarawon ya biya don kunya.
Wannan waya ba ta iya ganowa.

Yanzu ni ke duba haƙori,
Shi ke magana da mutanen nesa,
La'ada biyu muke raba ta,
Tawa ma a waya take sauka,
Har na koyi gane tata tsuwa.

Sai dai yatsana ya saba da yawu.
In rana ta yi sanyi in je gun Hansai,
Mai ɗan injin kati a ƙasan lema,
In ce ta ciro mini in ƙirga.
Ta zare ɗari biyu, ta ce nata ne.
Na dube ta, dariya ta kama ni:
Ashe dillanci na nan da ransa,
Lema ya samu ya shiga inuwa.